Ɗigo na Tara a Silin Baba

"Takwas ne," in ji Yaya. "Ko yaron aji uku ya san takwas ne. Malam, jingina tsaninka a waccan ƙuryar."

"Kada ka jingina," in ji Auta.

Mai fenti ya tsaya a tsakiyar falo, tsani a kafaɗa, gwangwanin shuɗin fenti a hannu, ya dubi wannan ya dubi waccan. An ce masa aikin ba zai kai ya yi gumi ba, ɗigo ɗaya ne zai shafe a saman ɗaki ya kama gabansa. Ba wanda ya gaya masa ɗigon yana da mai shi.

"Ni dai wa zan ji wa?" ya tambaya.

"Wadda ta kira ka," in ji Yaya. "Wannan ba ta da ta cewa a nan."

Auta ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji kamar an jefa dutse a rijiya. Ta ɗaga kai ta dubi silin, kamar yadda take yi tun tana ƙarama duk lokacin da aka ɓata mata rai a gidan nan.

Babansu, kafin ya rasu, mai zanen allunan shaguna ne. Shi ke zana almakashi a ƙofar tela, da kan mutum a ƙofar mai aski. Amma zuciyarsa ba a ƙasa take ba. Wani tsohon littafin taurari da ya saya a bakin titi, marar bango, shi ya juya masa kai. Kafin a haifi 'yarsa ta fari ya hau tsani ya mayar da silin falon nan sararin samaniya, shuɗi mai duhu, ya zana Rana a tsakiya daidai inda ƙwan fitila ke rataye, ya ce wa Mama, "Wannan ke ce." Daga nan duk haihuwar da aka yi sai ya ƙara duniya guda, bi da bi, daga kusa da Rana zuwa nesa. Kuma yana da wata ɗabi'a da Mama ba ta taɓa yafe masa ba: kafin fentin ya bushe, sai ya rungumi jaririn ya hau tsani da shi, ya danna ɗan babban yatsansa a jikin duniyarsa, Mama na ƙasa tana salati tana miƙa hannuwa.

Haka sunayen suka bi su har suka danne na yanka. Yaya ce ta fari, ita ce Makyuri, mafi kusa da Rana, mafi gudu, gefe ɗaya zafi kamar tanda, ɗaya gefen sanyi mai daskarar da jini. Baba yakan ce bai taɓa ganin suna ya zauna wa mutum haka ba. Mai bi mata Zara, wadda ke haskawa da asuba kowa na sha'awa, alhali duk cikinsu ba wadda ta kai ta zafi, ga shi kuma jujjuyawarta baya-baya take yi saɓanin 'yan'uwanta. Ta uku Duniya, ita kaɗai ce ake iya zama da ita lafiya. Sai Mas mai jan ido, sai Jufita ƙato wanda guguwar cikinsa ba ta kwanciya, sai Satun sarauniyar zobba, sai Yuranus da ke tafiya a kishingiɗe, wanda har yau ba a taɓa ganin ya zauna a kujera zaman mutane ba. Na takwas Naftun, can nesa, shuɗi, shiru-shiru.

A nan haihuwa ta tsaya, silin ma ya kusa ƙarewa.

Auta ba a gidan aka haife ta ba. Mahaifinta abokin aikin Baba ne, ya faɗo daga saman bene suna rataye allo, mahaifiyarta kuwa ta riga shi tafiya. Baba ya kawo ta tana 'yar shekara huɗu, da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Washegari ya haɗa fenti ruwan ƙasa-ƙasa, ya nemi wuri bai samu ba sai a fallen silin na ƙarshe, can ƙurya saman ƙofa. Ya yi wani ɗan ɗigo, ya ce, "Fuluto. Ita ce ta tara. Ta zo a makare, amma tana cikin gida." Ba a ɗauke ta ba, da ƙafarta ta hau tsanin, shi yana riƙe da ƙugunta. Da yake yatsanta ya fi na jarirai girma, sai ya rufe ɗigon gaba ɗaya. Har yau in ka ƙura ido ba duniya za ka gani ba, yatsan yarinya za ka gani. Wannan hawan shi ne abu na farko da take iya tunawa a rayuwarta: warin fenti, da tafin hannun Baba, da kawunan yara takwas a ƙasa suna kallonta.

"Kin gama kallon?" in ji Yaya. "Ki kalla da kyau, na ban kwana ne."

"Me ya tsare miki, Yaya? Ɗigon da bai kai bakin kofi ba. Cin abincinki yake?"

"Mutuncina yake ci." Yaya ta buga tafin hannunta a kan benci. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, ta kwashe kujerun falo ta jera bencina, ta rataye allo, tana koya wa yaran unguwa darasin yamma. Malamar kimiyya ce, kuma ta iya aikinta, wannan ko Auta ba ta musu. "Jiya ina tsaye a nan ina cewa duniyoyi takwas ne, huɗu na dutse, huɗu manya na iska da ƙanƙara. Wata fitsararriya ta ɗaga hannu ta ce, Malama, ai a samanki tara ne. Aji ya fashe da dariya. A gidan ubana, a ƙarƙashin rufin ubana, 'yar shekara tara ta ƙaryata ni."

"Sai ki ce mata a da tara ne. Kalma nawa ce?"

"Ni ba tarihi nake koyarwa ba."

"Baba ya ji labarin cire Fuluto daga jerin duniyoyi a rediyo da kunnensa. Kina nan, ina nan. Ya ce su suka sani, shi ya riga ya wanke burushinsa."

"Baba mai zane ne, ba masani ba." Yaya ta matso, 'yar ƙarama da ita, kanta bai wuce kafaɗar Auta ba, amma idanunta kamar za su huda mutum. "Bari in koya miki, tunda kyauta ne. Sharaɗi uku ne kafin a kira abu duniya. Ta zagaya Rana, tana yi. Ta dunƙule ta zama ƙwallo, ta zama. Na uku, ta share hanyarta, ya zama ba wani tarkace da ke bin turbar sai da izininta. Wannan ne taki ta kasa. Cikin tarkace take yawo, irinta sun fi a ƙirga a can bayan gari. An ɗauka 'yar gida ce saboda ita aka fara tsinta, shi ke nan."

Kalmar tsinta ta tsaya a falon, ba ta fita ba. Mai fenti ya sunkuya yana gyara murfin gwangwanin da ba abin da ya same shi.

"Wato sharaɗin zama 'yar gida shi ne ka kori duk wanda ke hanyarka," in ji Auta. "To, barka, Yaya. Kin ci jarrabawa. Mijinki ma ya shaida."

Fuskar Yaya ta canza. Auta ta san ta taɓa inda bai kamata ba, kuma ba ta ji nadama ba. Sai ma ta ƙara: "Kuma ki sani, ranar da aka cire ni, ke ce ƙaramar cikinsu. Ba wanda za ki ƙara dubawa ki ji kin yi girma."

"Ni na goya ki," in ji Yaya a hankali, kuma sanyin muryar ya fi ihu muni. "Ina shirin jarrabawar fita aka ajiye min ke a gado kina fitsarin kwance. Ni na wanke. Baba kuwa ke ya koya wa riƙe burushi. Mu takwas ba wanda ya taɓa bari ya taɓa gwangwaninsa, sai ke. Kada ki ƙara buɗe min baki a kan girma."

Ta zaro wayarta ta ɗaga. "Kuma ba ni kaɗai ba ce. Yadda masana suka taru suka kaɗa ƙuri'a a kan taki, haka muka yi. Na tambayi kowa."

"Kowa?"

"Kowa da ke da haƙƙi."

Ta fara karantowa tana jan kowane suna. Zara ta ce a shafe, dama silin ya tsufa. Mas ya ce a shafe. Jufita ya aiko da saƙon murya mai tsawo yana faɗa a kan wani abu daban, a ƙarshe ya ce a yi yadda Yaya ta ce. Satun ta tambaya ko za a taɓa zobbanta, da aka ce a'a ta ce to. Yuranus ya turo hoton babban yatsa. Duniya ce kaɗai ta ce a bari mana, me ya yi zafi, amma ba ta sake magana ba.

Auta ba ta saurari yawancinsu ba. Suna ɗaya take jira. Mai sunan kuwa yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, da hular babur a hannu, daidai ƙarƙashin ɗigon.

Naftun ya girme ta da shekara ɗaya kacal. Tare suka yi makaranta, tare aka yi musu duka. Shi ne ya gano a littafin Baba cewa hanyar Fuluto a karkace take, wani lokaci takan shigo ciki har ta fi Naftun kusa da Rana. Ranar ya zo da gudu ya ce mata, "Kin ga, wani lokaci ke ce ta takwas, ni ne na tara. Aro muke yi." Shekara da shekaru tana riƙe da wannan maganar kamar wani ɗan kwalli a aljihu.

"Kai fa?" ta ce masa.

Ya juya hular a hannunsa. "Auta, ni wallahi rigimar nan ce ba na so."

"Ba rigima na tambaye ka ba. Me ka ce?"

"Na ce... duk abin da aka yanke."

"Duk abin da aka yanke," ta maimaita. "Sannu, ɗan'uwa. Ka yi ƙoƙari."

"Ai ba ke za a shafe ba, haba. Kina nan, ɗakinki na nan. Ko a kimiyyar ma ba cewa aka yi ta ɓace ba, suna kawai aka canza mata, ana ce mata 'yar ƙaramar duniya."

"Wada," in ji Yaya. "Faɗi sunan daidai. Duniya wada."

Mai fenti ya yi gyaran murya. "Hajiya, in da hali, ni ina da wani aikin a gaba. In kun shirya sai a kira ni."

"Tsaya inda kake," in ji Yaya.

Auta ta ratsa ta gefen Naftun ba tare da ta taɓa shi ba, ta bi baranda zuwa ɗakin Mama. Saura mutum ɗaya. Duk duniyoyin nan, ƙanana da manya, ba mai hasken kansa. Na Rana suke ara. In Rana ta ce a bari, ƙuri'a ta zama banza.

Ɗakin na warin man zafi da sabulu. Tun da ciwon ya kama ɓarin jikin Mama na hagu, Auta ce ke kwana a katifar ƙasa kusa da gadonta. Ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ta san wace ƙwaya ce ta kafin abinci. Ta karanta aikin jinya, har wani asibiti a wani gari ya kira ta aiki, da ɗaki a gidan ma'aikata, ta ce su ba ta lokaci. Sun sake kira a watan jiya, ta sake cewa su ba ta lokaci. Takwas ɗin kowa na da uzurinsa, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don a ganinta abin da 'ya ke yi wa uwa ke nan.

Mama na jingine da matashi, idonta biyu. Ta ji komai, bangon gidan ba ya riƙe magana.

Auta ta durƙusa ta kama hannunta mai lafiyar. "Mama, za su shafe ni daga silin Baba."

Mama ta daɗe tana kallon taga. Bakinta ya ɗan karkace tun ciwon, magana sai da ƙoƙari.

"Yayarki tana cikin wani hali," ta ce. "Ki yi haƙuri."

"Kalma ɗaya za ki ce, Mama. Ki ce a bari."

"Na gaji da raba ku." Ta lumshe ido. "Fenti ne fa, 'yar nan. Fenti ne kawai."

'Yar nan. Auta ta tsaya a durƙushe tana jiran wani abu ya biyo baya, ko matsa hannu, ko sunan da Baba ya sa mata. Babu. Ta tuna wani shafi a littafin nan marar bango, inda aka ce wanda ya tsaya a kan Fuluto ya waiwayo, ba zai ga Rana kamar yadda muke ganinta ba. Tauraruwa zai gani, mai tsananin haske, wadda ta fi duk sauran, amma ba ta ɗumama ko tafin hannu. Tana yarinya ta karanta wannan ta yi kuka saboda tausayin wata duniya da ba ta taɓa gani ba. Yau ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa Mama matashi, ta ja mata bargo zuwa ƙirji, ta matso da kofin ruwa inda hannun dama zai kai. Sannan ta buɗe akwatin kayan aikin Baba da ke ƙarƙashin gadon, ta ɗauki abin zare ƙusa.

Da ta dawo falo, mai fenti ya riga ya jingina tsani a ƙuryar, ya tsoma burushi, ƙafarsa ɗaya a matakin farko.

"Sauko, Malam."

Wani abu a muryarta ya sa ya sauko ba tare da ya dubi Yaya ba.

"Me za ki yi?" in ji Yaya. "Ke, da ke nake. In kika ɓata min silin..."

Auta ta tattare zanenta ta hau. Tsanin ya yi ƙara, ya ɗan karkata, sai ta ji ya tsaya cak. Ta leƙo ƙasa, Naftun ne ya ajiye hularsa ya riƙe shi da hannu biyu, kansa a sunkuye.

A kusa, ɗigon ya fi yadda take zato ƙanƙanta. Fentin ya tsattsage, amma layukan yatsan na nan, zagaye cikin zagaye. Ta taɓa ganin hoton Fuluto na gaskiya da wani kumbo ya ɗauko bayan rasuwar Baba, da wani farin fili a jikinta mai siffar zuciya, na ƙanƙara zalla. Ta so a ce ya gani. Da ya hau tsani a ranar ya ƙara zuciyar a jikin ɗigon. Ta ɗora babban yatsanta a kan na yarinyar, ya rufe shi har ya yi saura.

Ta sa ƙarfen a gefen fallen. Ƙusoshin sun yi tsatsa, ta farko ta fito da kuka, ta biyu ta karye. Ƙura ta zubo mata a fuska, ta zubo a kan bencina da allon Yaya.

"Kin haukace! Naftun, sauko da ita! Malam, kana kallo?"

"Ni fenti aka kira ni," in ji mai fenti, ya ja gwangwaninsa gefe.

Fallen ya saki gaba ɗaya. Ta rungume shi a ƙirji ta sauko da baya, mataki bayan mataki. A saman ƙofa yanzu rami ne baƙi mai kusurwa huɗu, ana hango katakon rufi da yanar gizo-gizo, iska mai zafi na saukowa ta ciki.

"Ga takwas ɗinki," ta ce wa Yaya. "Ƙirga. Ba wadda za ta sake ƙaryata ki."

"Wa zai toshe min wannan ramin?"

"Ki kaɗa ƙuri'a."

Ta ciro ɗan makullin kabad ɗin maganin Mama daga igiyar wuyanta, ta ajiye shi a kan bencin gaba, cikin ƙurar. Yaya ta dube shi, ta dubi Auta.

"Auta," in ji Naftun. "Don Allah. Ajiye mu yi magana."

"Ka yi maganarka ai, na ji." Ta gyara riƙon fallen, ta ɗaga murya yadda za ta ratsa baranda ta kai har gadon da ke ɗakin can. "Yau zan nuna wa Yaya yadda ake juya Mama da yadda ake mata wanka. Gobe da safe zan tafi in karɓi aikin asibitin nan. Zan riƙa zuwa duba ta, in yi sallama a bakin ƙofa kamar kowane baƙo. Wannan kuma da shi zan tafi."